Ranar da Na Tona Asirin Ɗan Ige

Ko da na ajiye aiki, duk shekara sai an kira ni in zauna da ire-irenku, masu farar riga da karin guga da biro uku a aljihu. Kuma duk shekara maganar ɗaya ce. Kwana biyu kun yi a ɗakin duba marasa lafiya sai ku fara hamma. Wai aikin ƙauye ba shi da wuya: wannan ciwon jiki, wancan ciwon baya, waccan ciwon kai, a ba su farasitamol su kama gabansu. Da kunnena na ji, ba faɗa mini aka yi ba. To ni yanzu babu mai rage mini girma, babu mai yi mini canjin wurin aiki, saboda haka zan faɗa muku yadda abin yake. Wanda ya ji haushi randa na nan, ya sha ruwa.

Ta wani gefen kuna da gaskiya. Shekara talatin da ɗoriya na yi a wani ƙaramin asibiti a ƙauye kusa da Fakku. Takardata ba ta ce likita ba, malamin asibiti ne ni, Malam Haliru, amma daga jariri har kakarsa wurina suke zuwa, don babu wani. In ka leƙa bencin da ke ƙofata da hantsi, akasarin waɗanda ke kai ciwo ne ya kawo su. Rajista za ta ce maka zazzaɓi, ta ce gudawa, ta ce tari, don gidajen da aka zana mata ke nan. Amma mutumin ƙauye ba ya barin gonarsa don jikinsa ya yi ɗumi. Sai wani wuri ya ci shi, ya hana shi sunkuyawa, sannan zai tuna da hanyar asibiti.

Ko ba kalanda nakan san watan da ake ciki daga inda mutane ke dafewa. Lokacin noman farko kafaɗa ce da tafin hannu. Lokacin huɗa ƙugu ne, har ka ga ƙato ya shigo a karkace. Da kaka matan da suka wuni suna sussuka sai wuya da damtse. Makiyaya gwiwa. 'Yan kabu-kabu da ke bin hanyar Kebbe, tsakiyar baya. Malaman zaure kuwa, da ba su taɓa riƙe garma ba, su ma ba su tsira ba, zaman buzu da sunkuyon rubutu sun gama da su. Na taɓa ce wa wani malami ya riƙa miƙewa yana ɗan zagaya gida tsakanin darasi da darasi, ya dube ni kamar na ce ya yi rawa a kasuwa.

Inda kuka ɓata shi ne kuna jin duk ciwo ɗaya ne. Biyu ne, kuma duk aikin nan raba su ne. Akwai sabo, na jiya ko na shekaranjiya, wanda ya zo ya faɗa maka wani abu ya lalace a ciki. Akwai tsoho, wanda ya yi watanni ko shekaru har ya zama ɗan gida, mai shi ya san lokacin tashinsa da lokacin kwanciyarsa. Tsohon ba ka korarsa, lallaɓa shi kake yi don mutum ya samu ya yi noma ya yi salla. Sabon kuwa ba a rufe masa baki sai an ji abin da ya zo faɗa. Wahalar ita ce ranar da sabo zai shigo a bayan tsoho, a jikin mutumin da ka saba da shi.

Ba a makaranta na koyi wannan ba. A Tambuwal na koya, hannun wani tsohon ma'aikaci da muke kira Baba Sahabi, shekara biyu ina ƙarƙashinsa kafin a tura ni ƙauye. Kayan aikinsa ba su fi naku ba: abin auna zafin jiki, abin awon jini da robarsa ta sha ɗauri, abin sauraren ƙirji, tukunyar dafa allura. Amma akwai abu biyu da ba ya wasa da su. Teburinsa dole ya fuskanci ƙofa, yadda zai hango mutum tun daga bakin shinge. Kujerar mara lafiya kuma ba mai jingina ba ce, 'yar guntuwa ce irin ta mata ta tsakar gida. An sha kawo masa kujerar ƙarfe daga ofis, sai ya ɗora mata kwalayen magani.

Wata safiya wani Bafulatani ya shigo da sandarsa a hannun hagu. Ya yi sallama, fuskarsa lafiya lau. Kafin ya zauna Baba ya juyo gare ni.

"Haliru, mi kag gani?"

"Ban ga komi ba, Baba. Ai bai ko zamna ba."

"To ka makara. Ni tun bakin shinge nig gama dubanai."

Aka tambayi mutumin, ya ce ɗan tsamin jiki ne, a ba shi na shafawa. Har na miƙa hannu ga kwalba. Baba ya ce ya zauna tukuna. Ya zauna a guntuwar kujerar nan a hankali, gwiwar hannunsa na dama manne da haƙarƙari, bai yarda ta motsa ba. Da aka ɗage rigarsa, ƙashin da ke ƙasan wuyansa a karye yake, kwana uku ke nan da wani bijimi ya make shi. Ko uhm bai ce ba. Bayan ya tafi Baba ya ce mini, "Mutanenmu ba su kuka gaban baƙo. In baki kaka jira, gawa za ka riƙa dubawa."

Abu na ƙarshe da ya koya mini shi ne ɗage riga. Kowa ya ce yana ciwo, a ga wurin. Ba don kumburi kaɗai ba, don shaidar ƙaho. Kafin mutum ya zo wurinmu ya riga ya je wurin wanzami, kuma wanzami ba ya kafa ƙaho inda ba a nuna masa ba. Mutum zai iya yi maka kwana-kwana da baki, amma ba zai biya a tsaga shi a inda ba ya masa ciwo ba. In ka ga tabo ya dushe, wani a kan wani, ciwon ya daɗe. In ka ga tsaga ɗanya da ɓawonta, na kwanan nan ne. Na san an koya muku ku yamutsa fuska in kun ga shaidar ƙaho, ku yi wa mutum faɗa. Ku yi masa faɗan aska mara tsabta, wannan daidai ne, ni ma ina yi. Amma ku karanta kafin ku yi faɗan.

Da wannan na tafi ƙauye, na sayi guntuwar kujerata a kasuwar Dogon Daji a hanya. A kanta na san Ɗan Ige.

Manomi ne, dogo, baƙi, wanda in ana gayyar huɗa shi ake sa wa a kunyar farko don ya ja sauran. Bayansa ya fara ciwo tun yana da sauran ƙarfinsa, kuma shekara goma sha huɗu yana zuwa wurina kusan duk ranar kasuwa. Gadon bayansa duk tabon ƙaho ne, har nakan ce masa wanzami ya ƙare wuri, sai dai ya koma kan tsohon layi. Shi kuma ya ce ai gara wanzami, ko ba komai yana yi wa mutum aski. Na san maganin da ke yi masa, na san wanda ke tayar masa da ciki. Na koya masa ya riƙa durƙusawa in zai ɗauki buhu, ya ce sai ka ce mai neman aure. Duk shekara tumun farko na gonarsa ni yake kawo wa, da zafinsa, a naɗe cikin ganye. Ba ni da aboki a garin nan kamarsa.

'Ya'yansa maza ba su rayu ba sai ɗaya, shi ma yana can kudu wurin neman abinci. Wanda ke kusa shi ne Bello, mijin 'yarsa Hajo, ɗan kabu-kabu. Bello yaro ne mai kunya ta gaske. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi in ya hango surukinsa, ya durƙusa, kansa a ƙasa. Ban taɓa ganin sun haɗa ido ba, ban taɓa jin Ɗan Ige ya kama sunansa ba, sai dai ya ce "yaron ga".

Sai muguwar shekarar ta zo. Ba fari aka yi ba, ba annoba ba. Tiramol ce ta shigo kasuwanninmu, ana sayar da ita a faifai kusa da goro. Mai ƙwadago ya jefa biyu da safe, ya wuni yana huɗa bai san yana da ƙugu ba. Cikin 'yan makonni bencina ya koma na mata da yara. Wani jami'i da ya zo zagaye ya duba rajista ya ce madalla, masu ciwon jiki sun ragu, ana samun ci gaba. Na ce masa ba su ragu ba, an toshe musu baki ne, kuma za su dawo a kwance. Ya rubuta wani abu a takardarsa, na tabbata ba yabo ba ne. Suka kuwa fara dawowa. Wani da ƙaya ta ruɓe a ƙafarsa mako biyu yana takawa. Wani yaro da ya faɗi a gona yana shure-shure, kumfa a baki. Wani da miki a cikinsa ya huje yana kan garma, wannan ko Kebbe ba mu kai da shi ba.

Ɗan Ige ma ya ɗauke ƙafa. Wata biyu ban sa shi a ido ba, sai na tare shi a kasuwa wajen masu dawa.

"Ɗan Ige, na ji labari. Ka bar ƙwayar ga."

Ya yi dariya. "Malam, ƙwayar ga ta hi ka aiki. Kuma ita ba ta ce ma mutum ɗage riga."

Muka rabu a kan haka, ina jin haushinsa, yana yi mini kirarin likitan da kasuwa ta guje wa.

Ranar da nake son ba ku labari, an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi, wani hadarin kuma yana haɗowa daga gabas. Tsakaninmu da hanyar Kebbe akwai rafi, in ya cika sai a kwana biyu ba a ƙetare ba. Da hantsi na hango mashin ɗin Bello ya tsaya bakin shinge, surukinsa a baya. Wannan kaɗai abin lura ne, don Ɗan Ige ya gwammace ya taka da ƙafa da ya hau bayan mijin 'yarsa. Ya sauko da kansa, ya miƙe ƙyam, ya gaisa da matan da ke benci. Bello ya biyo shi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Bayan ga ne yat tashi," in ji Ɗan Ige. "Yi min allura in koma, huɗa ta rage min."

Ba zan ɓoye muku ba, har na buɗe kwalin allura. Shekara goma sha huɗu ina jin maganar nan daga bakin nan, hannuna ya riga kaina tafiya. Abin da ya tsayar da ni, bai zauna ba. Kujerar da ya saba faɗawa a kanta yana mita, ya tsaya a gefenta yana dafe da bango, ƙafafu a ɗan buɗe. Gumi na tsattsafo masa a goshi cikin sanyin nan. Kuma tunda ya shigo bai tsokane ni ba.

Na ce wa Bello ya je gindin bishiyar bedi ya jira, ya ja mana ƙofa. Ƙofar na rufuwa Ɗan Ige ya naɗe kamar tabarma. Da ƙyar na tura masa kwano, ya yi amai kore. Na ɗage rigarsa ta baya, tsofaffin tabo ne kawai, babu sabo ko ɗaya. Na juyo da shi. Ƙasan cibiya, can wajen mara ta dama, shaidar ƙaho uku, jinin bai gama bushewa ba.

"Wanga fa?"

Ya kai hannu zai saukar da rigar.

"Kwance wando."

"Malam, bari."

"Kwance, ko in kwance da kaina. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Gwaiwa ce. Hanji ne ke zurarowa ƙasa, kuma ashe ya yi shekaru da ita. In ta sauko sai ya kwanta rigingine ya mayar da hannu, bai taɓa faɗa wa kowa ba, har ni da nake ganinsa duk mako. Kun san yadda ake mayar da mai gwaiwa abin dariya a garuruwanmu. Shekaranjiya da ya ɗaga garma ta sauko ta ƙi komawa. Ya sha ƙwaya ya ci gaba da huɗa. Jiya ya ƙara sha, ya je wurin wanzami ya ce masa iska ce ta taru a mara. Yanzu wurin ya yi tauri kamar dutse, da zafi, ciki ya kumbura, ba bayan gida, ko tusa ba ta fita. Hanjin ya shaƙe, yana mutuwa a ciki.

Na ce masa, "Allura ba ta yi. Aiki za a yi maka, Tambuwal, kuma yau."

"Wa ka kai ni?"

"Bello."

"A ce mai mi?"

"A ce mai gaskiya."

Ya kamo wuyan hannuna. "Haliru." Bai taɓa kiran sunana babu Malam ba sai ranar. "Na haɗa ka da Allah. Mijin ɗiyata ne. In mutu da mutuncina ya hi min yaron ga ya ji abin ga."

Na yi masa alkawarin zan gwada wata hanyar, kuma na gwada. Na kira wayar ɗansa na kudu, ba ta shiga ba. Mai gari yana gona, sauran masu mashin duk sun fita. Na fita na sami Bello a gindin bedi na ce masa ciwon ciki ne mai tsanani ya kama Baba, sai an kai shi Tambuwal yanzu, kafin rafi ya cika. Ya miƙe zai tayar da mashin. Sai ga Ɗan Ige a bakin ƙofa, ya ɗaure wandonsa, ya goge fuska, ya miƙe kamar ba shi ne ya gama amai ba.

"Bayana ne," ya ce, a natse. "Malam ya rasa allura shina neman dalili. Yaro, tada mashin mu tahi gida."

Bello ya dubi ƙasa. Na ce masa ya saurare ni. Ya ce, "Malam, abin da Baba yac ce." Me kuke so ya yi? Ya ƙaryata surukinsa a gaban mutane a kan ciwon ciki, abin da kowa ke sha wa jiƙo ya kwanta? Ɗan Ige ya taka har wurin mashin ya hau. An fara yayyafi.

Littafinku ya ce sirrin mara lafiya amana ne, ba a faɗa wa kowa sai da yardarsa. Littafin ya yi gaskiya. Na riƙe asirin garin nan shekara talatin, akwai abubuwan da zan shiga kabari da su. Amma ranar na tsaya a gaban mashin, na kama kan mashin ɗin da hannu biyu, raina a ɓace, na ce:

"Bello, surukinka gwaiwa gare shi, ta shaƙe mai hanji. In ka kai shi gida, jibi kai ka ɗaukar makaratai. Sannan ka tahi ka gaya ma Hajo kai kam maishe shi."

Ban san na ɗaga murya haka ba sai da na ji wurin ya yi tsit. Benci cike da mata. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ɗan Ige ya dube ni kawai, kuma na gwammace a ce zagina ya yi.

Bello ya sauka daga mashin. Ya juya, ya ɗaga kai, ya dubi surukinsa a cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tunda ya auri Hajo. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Tambuwal za mu."

Mu uku muka hau, Bello a gaba, Ɗan Ige a tsakiya, ni a baya ina riƙe da shi. Na ɗaura masa ƙarin ruwa kafin mu tashi, na riƙe ledar a sama da hannu ɗaya har kafaɗata ta mutu. Muka ƙetare rafin ruwa na kai wa gwiwa. Duk wanda ya san hanyar nan da damina ya san abin da ake nufi da rami. Kowane rami muka faɗa ina jin jikinsa yana sandarewa a ƙirjina, amma ƙirjinsa na jingine da bayan mijin 'yarsa, saboda haka ko nishi bai yi ba har Kebbe. A can muka sami mota. Kafin la'asar an shiga da shi ɗakin tiyata a Tambuwal. Likitan da ya yi aikin ya fito ya nuna mini abin da ya yanke a cikin kwano, ya yi baƙi. Ya ce da an ƙara kwana da ba a yi wannan maganar ba.

Bayan mako uku ya dawo gida da ƙafafunsa. Kafin ya dawo labari ya riga shi, har da ƙari. Samarin da yake ja a gayya suka sami abin yi, in ya wuce sai wani ya buɗa ƙafa yana tafiya, sauran su tuntsire. Ya daina zuwa gayya. Bello ya yi watanni bai iya taka ƙofar gidan ba, sai dai ya aiko da gaisuwa. Na je duba Ɗan Ige, aka ce mini yana barci, ina jin tarinsa daga zaure. Na sake komawa, aka ce ya fita. Ya kai ƙarata wurin mai gari, aka kira liman. Liman ya ce tona asirin Musulmi laifi ne, ceton rai kuma wajibi ne, mu je mu sasanta. Ba wanda ya motsa a cikinmu. Kaka ta yi, tumu bai zo ba, kuma na ji zafin wannan fiye da yadda na zata.

Bayansa bai daina ciwo ba, tsohon ciwo ba ya jin labarin tiyata. Hajo ce ta riƙa zuwa karɓar masa magani, ta ce wai na wata maƙwabciya ne. Ni kuma in ƙulla mata wanda na san yana yi masa, in ce ta gaya wa maƙwabciyar ta riƙa durƙusawa in za ta ɗauki buhu. Ƙwayar kasuwa dai ya bar ta, wannan Hajo ta tabbatar mini. In muka haɗu a hanya sai ya tsallaka ɗaya gefen. A masallaci in na tsaya a dama sai ya koma hagu.

Kada wani cikinku ya fita nan ya ce Malam Haliru ya ce a riƙa tona asirin mutane. Wanda ya yi haka don sakin baki, ni zan fara kai ƙararsa. Kuma akwai laifina a ciki, na sani. Da na ja Bello gefe na raɗa masa a kunne, da matan benci ba su ji ba, da mutumin nan bai rasa gayyarsa ba. Zuciya ce ta ɗebe ni, kuma ita nake da-na-sani a kai har gobe. Amma faɗar da na yi wa Bello, ko yau aka mayar da ni gaban mashin ɗin nan sai na sake faɗa. An sha ce mini in je in ba shi haƙuri a wuce wurin. In ba shi haƙurin me? Abin da yake so in ce shi ne da na sani da na bar shi ya tafi gida, ni kuma ba zan yi ƙarya don a kawo mini tumu ba.

Shekara takwas muka yi a haka. Bara, lokacin na riga na ajiye aiki na koma Kebbe da zama, aka yi rasuwar wani dattijo a ƙauyen, na je gaisuwa. Zaure ya cika, babu wuri sai gefen wata tabarma, na zauna kafin in lura da wanda ke kai. Ɗan Ige ne, ya tsufa, gemu ya yi fari fat, ga jikansa, ɗan Hajo, ya kawo shi ya koma waje. Tashi a wurin zai zama abin magana, saboda haka muka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon gabansa. Aka yi addu'a, aka shafa. Can, ba tare da ya juyo ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Haliru."

"Na'am."

"Ban yahe ba."

"Ban roƙa ba," na ce. "Wanga da anka ruhe ɗazu ba shi riƙe da kowa. Kai ko riƙe ni, Ɗan Ige. Allah shi ƙara maka shekarun riƙo."

Da aka fara watsewa ya yunƙura zai tashi, bayan ya ƙi. Ya sake yunƙurawa ya koma zaune. Na miƙe na miƙa masa hannu. Ya dubi hannun, ya sa nasa ya ture shi gefe, ya dafa bango ya tashi da kansa.

Turewar nan da ƙarfi ya yi ta, har sai da na ɗan yi baya. Na koma gida wuyan hannuna yana zafi, ban shafa masa komai ba.